Rajistar aikin ciwon hantsa a tumakin Kalgo da Bunza

4 Nuwamba, 2024

Yau muka buɗe littafi. Ruwa ya ɗauke, ana yankan shinkafa a fadama, tumakin da suka ɗauki ciki da farkon damina sun fara haihuwa, ga lokacin duba hantsa ya yi. Gidajen da suka yarda mu shiga suna cikin Kalgo da wasu ƙauyuka a hanyar Bunza, a jihar Kebbi, sai rugage biyu a bakin fadama. Yawancin tumakin Uda ne, masu gaba baƙi ko ja da baya fari, da 'yan Balami da 'Yankasa a turakun mata. Ni ke shiga gidaje, ƙanena ke jan babur yana riƙe dabba.

A nan ba a tatsar tunkiya don kasuwa. A kudancin Faransa tumakin Lacaune ake tatsa a yi cukun Roquefort, a tsibirin Sardiniya na Italiya akwai Sarda, a Gabas ta Tsakiya kuma Awassi. Can kullum hannu ko inji yana kan hantsa, mai sayen madara kuma yana auna ta, shi ya sa ciwo ba ya daɗewa a ɓoye. Mu kuwa ɗan tunkiya ne kaɗai ke sanin halin da nonon uwarsa yake ciki. Sai a ga ya rame, yana ta kuka, yana bin wata uwar tana tunkuɗe shi, a ce bai zo da kwana ba. Ragon da za a sayar da Babbar Salla, a watanni biyun farko na shan nono ake gina shi, kuma mace da yawa a Kalgo da kuɗinsa take yi wa ɗiyarta kayan ɗaki.

Abu uku muka ɗaura niyya: mu taɓa hantsar kowace tunkiya mai shayarwa, mu gwada nononta, mu rubuta duk maganin da aka taɓa ba ta da yadda aka bayar. Na ukun ya fi damuna.

11 Nuwamba

Mun fara gwajin faranti. Farar roba ce mai ramuka huɗu, don saniya aka yi ta, tunkiya kuwa nono biyu gare ta, sai mu yi amfani da rami biyu. A zubar da tatsar farko, a tatsa kaɗan daga kowane ɓangare cikin raminsa, a zuba ruwan gwaji daidai da yawan nonon, a juya a hankali. Nono mai lafiya yana nan tsararo. Wanda jiki ya tura masa ƙwayoyin yaƙi da cuta da yawa sai ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, har ya manne a gindin ramin. Tun 1957 aka fito da wannan gwaji a Kalifoniya ta Amurka, kuma har yau ba ya buƙatar wuta ko inji. Da tumaki sai an yi hattara, don nononsu kan ɗan yi kauri ko lafiya lau suke, musamman dab da haihuwa da dab da yaye. Saboda haka ba ma yanke hukunci da rami ɗaya, gefen dama muke gwadawa da na hagu.

Wata Inna a unguwar bakin kasuwa ta tsaya a kaina tana kallo. Tunkiyarta tana ci tana sha, nonon fari fes a ido, amma gefen hagu ya yi yauƙi sosai. Ta ce, "Ɗiyata, ai tagwayenta kullum a nonon dama suke faɗa, ashe dalili ke nan." Na kama hannunta na ɗora a hantsar, ta ji ƙululu mai tauri can sama kusa da ciki. Shekara da shekaru tana kiwo, ba ta taɓa laluben wurin ba, don ba wanda ya taɓa ce mata akwai abin nema a can.

20 Nuwamba

Makon nan, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba, shi ne makon da duniya ke wayar da kai kan ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Mu abin da muka yi shi ne roƙon kowane gida su fito mana da kwalabe da kwalayen maganin dabbobi, na da da na yanzu. An fito da su daga saman katanga, daga cikin kwalla, daga rufin ɗaki, muka shimfiɗa a tabarma.

Kusan ko'ina akwai oxytetracycline mai dogon aiki, wadda kowa ke kira LA. Sai Penstrep, wato haɗin penicillin da streptomycin, sai tylosin kaɗan, sai kafso ja da yalo na mutane da ake buɗewa a kaɗa a ruwa a ɗura wa dabba. Wasu kwalaben babu lambar NAFDAC, wasu kwanansu ya wuce, wata LA ɗin ta yi baƙi ƙirin don rana ta dafa ta. Sirinji ɗaya ne a gida, da allura ɗaya, ta tumaki, ta awaki, ta sa.

Da na tambayi yadda ake aunawa, amsa ɗaya na yi ta ji: layi biyu na sirinji ga babba, layi ɗaya ga ƙarama, in ta warware shi ke nan. LA mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, mililita 1 ake ba kowane kilo 10 na nauyin dabba. Muka aro sikelin rataye wurin mai sayen hatsi, muka ɗaura a reshen dogon yaro, muka sa tunkiyar Uda cikin buhu muka ɗaga. Ta haura kilo 40. Ke nan mililita 4 da ɗoriya ne haƙƙinta, ana ba ta 2. Penstrep kuma ba allurar yini ɗaya ba ce, kullum ake yi har kwana uku zuwa biyar, amma da zarar dabba ta miƙe ta kama cin dusa sai a rufe kwalba a ajiye wa gaba.

Ban ga laifin matan nan ba. Kwalba tana da tsada, rubutun jikinta da Turanci ne ƙanana, malamin dabbobi kuma ba kullum ake samunsa ba. Amma abin da ke faruwa a cikin hantsar ba ya duba uzuri. Ƙwayoyin da ke ciki miliyoyi ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Rabin magani yana kashe masu rauni ya bar masu tauri, su kuma in sun sami wuri cikin kamar rabin awa kowace ta rabu biyu. Kafin mako ya zagayo, zuriyar masu taurin ce ta cika wurin. Alexander Fleming da ya gano penicillin a 1928 ya faɗi wannan da bakinsa a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, cewa wanda ya sha maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin jure masa.

2 Disamba

Da asuba aka kira ni ruga. Tunkiya ce mai kwana goma da haihuwa, jiya da yamma an ga tana ɗingishi da ƙafar baya, an ɗauka ƙaya ce. Na same ta a kwance, kunnuwa a sake, ma'aunin zafi ya wuce 41. Gefen dama na hantsar ya kumbura, ya yi shuɗi-shuɗi mai duhu, kuma da na taɓa sai na ji shi da sanyi, alhali sauran jikin zafi rau. Na matsa nonon, ruwa ja-ja mai wari ya fito, babu ko ɗigon fari. Duhun ya fara hawa fatar ciki.

Ardo ya ce, "Malama, a yi mata allura mai ƙarfi, ko nawa ne." Na ce, "Baffa, wannan gefen ya riga ya mutu, jini ba ya zuwa wurin, maganin da aka sa a jini kuwa ba zai kai inda jini bai kai ba. Ran tunkiyar muke nema yanzu." Muka auna ta, muka fara allura cikakkiya, da maganin zafi da kumburi, da ruwa mai ɗan gishiri da sukari a baki. Ɗan kuma aka haɗa shi da wata akuya mai nono. Na ɗebi ruwan hantsar a kwalba kafin allurar farko.

Wannan nau'in shi ne mafi muni, yawanci aikin ƙwayoyin cutar da ake kira Staphylococcus aureus ne ko Mannheimia haemolytica, kuma yana iya kashe tunkiya cikin kwana ɗaya ko biyu. In ta rayu, mataccen gefen zai ruɓe ya faɗi da kansa cikin makonni, a yi ta fama da ƙuda da tsutsa. Na faɗa wa Ardo tun yanzu cewa ko ta tashi kada a sake barin rago ya hau ta.

9 Disamba

Tunkiyar ruga ta miƙe, tana cin harawa. Samfuran nono sun tafi ɗakin gwaji a Sakkwato yau cikin kula da ƙanƙara. Ɗibar su ta fi gwajin faranti wahala: a goge kan nono da auduga da sifirit har audugar ta fito fara, a zubar da tatsar farko, a karkata kwalbar don kada ƙura ta faɗa, a rufe nan take. Da hunturu a turken da ake shara, minti ɗaya ya isa ƙura ta ɓata aikin.

19 Disamba

Sakamako ya dawo, kuma mai ɗakin gwajin ya bar ni na ga farantan da idona. Da farko ana shafa nonon a kan abincin ƙwayoyi mai haɗe da jini, a sa a ɗumi daidai zafin jiki kwana ɗaya ko biyu, a ga abin da ya tsiro. Sai a ɗauki wanda ya tsiro a shimfiɗa a wani farantin, a jera 'yan takardu masu zagaye, kowace da maganinta, a bar shi ya kwana. Inda magani ke aiki za a ga fili fes kewaye da takardar. Inda ba ya aiki, ƙwayoyin sun tsiro har jikinta. Da rula ake auna faɗin filin.

Yawancin abin da ya fito dangin Staphylococcus ne. Na tunkiyar ruga aureus ce. Na masu ciwon ɓoye irin ta Inna kuwa 'yan uwanta ne marasa zafinta, waɗanda ba su cika kwantar da dabba ba amma suna cinye nonon a hankali. A farantai da dama takardar penicillin ba ta da fili ko kaɗan, don ƙwayoyin suna fitar da wani sinadari da ke tsinka maganin kafin ya taɓa su. Filin tetracycline, dangin LA, ma ya tsuke a wasu, kuma da na duba littafina, gidajen da LA ta fi yawa a tabarma ne. Gentamicin tana da fili mai faɗi kusan ko'ina. Samfuranmu kaɗan ne, na 'yan gidaje ne, ba na jihar Kebbi ba.

Guda ɗaya ta sa mai gwajin ya sake awo. Takardar cefoxitin ake sa wa aureus don a gane ko MRSA ce, wato wadda ta fi ƙarfin methicillin da kusan duk danginsa. Filin da ya kai milimita 22 lafiya, wannan bai kai ba. Za a sake shuka ta, in ta maimaita a nemi ƙwayar gadon mecA a cikinta, wadda ke ba ta wannan jurewar. A Ingila aka fara ganin MRSA a 1961, a asibiti, shekara biyu kacal da fitowar methicillin. A 2011 kuma aka bayyana wani nau'inta mai ƙwayar gadon mecC, 'yar uwar mecA, a shanun madara da mutane a can. Ma'ana tana tafiya tsakanin hantsa da hannu, ta kowace fuska. Gidan da aka ɗebo wannan samfur akwai mai jego da jariri, kuma ita ke ba tumakin dusa. Gobe can zan fara zuwa, da sabulu.

Wasu kwalaben ba abin da ya tsiro, ko da yake nonon ya yi yauƙi a faranti. Biyu daga ciki na gano an yi wa tumakin allura kwana kaɗan kafin mu zo. Akwai kuma Mycoplasma agalactiae, mai kafar da nono ta haɗa da ciwon gaɓoɓi da na ido, wadda ba ta tsirowa a irin wannan faranti, kuma penicillin ba ta taɓa yi mata komai ba tun asali, don ba ta da bangon da maganin ke rusawa. Na rubuta wannan don kada mu riƙa cewa duk allurar da ta ƙi ci ƙwayoyi ne suka bijire. Wani lokacin maganin jabu ne, ko rana ta kashe shi, ko mugunya ta yi jaka ta rufe kanta, ko tun farko ba maganin cutar ba ne.

8 Janairu, 2025

Sanyi ya yi tsanani, ƙurajen baki sun ɓarke a 'ya'yan tumakin ruga ta biyu. Leɓɓansu sun yi ɓawo, suna shafa wa iyaye a kan nono, nonon ya tsage, uwa ta hana sha don zafi, nono ya taru, ƙwayoyi su sami ƙofa. Mannheimia ma a maƙogwaron ɗan take zaune, shi ke kai ta. Ƙurajen nan bairos ne, LA ba ta kashe shi, amma na tarar an bi garken kaf da allura. Muka ware masu ƙuraje da iyayensu gefe guda, ana shafa man shanu a tsagar nono, ana tatse wadda ɗanta ya kasa sha. Na gargaɗi yaran da ke kiwo su daina ɓantare ɓawon da hannu, yana kama mutum.

Wani abin da na lura: inda uwa ba ta ƙoshi, 'ya'ya sun fi cizon nono da tunkuɗar hantsa. Ciyawa ta bushe, harawa ta yi kuɗi. Mai tagwaye in ba a ƙara mata dusa da kowar wake ba, ita ce ta farko a layin ciwo.

27 Janairu

Na zauna da wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa, a kan bencinsa, kwalabe jere a rana. Na ɗauka zai ji haushi, sai na tarar shi ma abin yana cin sa. Ya ce, "Malama, mutum zai zo da kuɗin mililita biyu, dabbarsa tana gida ban gan ta ba. In na ce sai biyar, ya wuce tebur na gaba. Kuma LA ɗin da nake sayarwa da, allura ɗaya dabba ta tashi, yanzu sai su dawo su ce na ba su ruwa."

Mun yi shawara a kan abin da zai iya ba tare da ya rasa ciniki ba. Ya mayar da kwalabe inuwa. Na rubuta masa kwali da Hausa da ajami, nauyi a gefe ɗaya, mililita a ɗaya gefen, da adadin kwanaki. Ya yarda in an ce masa hantsa ce ta yi tauri tun bara, ya ce a kira ni maimakon ya zuƙa allura. A ganina duk wani shiri da zai tsallake irin wannan mutum ba zai isa turke ba, don shi ne likitan da yawancin tumakin ƙasar nan suka sani. Nijeriya ta yi shirin ƙasa kan ƙwayoyin da suka daina jin magani na 2017 zuwa 2022, ta shiga na biyu a 2024, a Yulin 2024 kuma aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Fatana a kai ga horar da masu tebur a kasuwannin ƙauye, a ba su takarda, a riƙa leƙa su.

14 Fabrairu

An tabbatar da samfurin nan da ake zargin MRSA ce, ta sake ƙin cefoxitin. Mai gidan ya yarda a fitar da tunkiyar. Nan muka yi doguwar magana, don shi niyyarsa ya kai ta kasuwa, wata mata ta saya ta kai turkenta da ciwon da komai. Na ce, "Alhaji, mahauci za a ba, kuma sai kwanakin jira kafin a ci nama ko a sha nono, waɗanda ke jikin kwalbar allurar ƙarshe, sun cika." Ya yi shiru, ya ce kuɗin mahauci bai kai na mai kiwo ba. Gaskiya ne, bai kai ba. Daga baya ya aiko cewa ya amince. Hantsar za a yanke a binne.

Maganar kwanakin jira ta fi saurin shiga a ruga, don matan sun riga ni sani. Wata Goggo ta ce nonon saniyar da aka yi wa allura ba ya kama kindirmo, sai ya kwana yana ruwa. Haka ne, ragowar maganin ke kashe ƙwayoyin da ke sa nono tsami. Na ce mata wanda ya hana ƙwarya kamawa, shi ne ke shiga cikin yaron da ya sha. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta amma ba a dogara da ita wajen kawar da magani, haka gubar da aureus ke zubawa a nono tana jure wuta. A ruga yara kan tatsi tunkiya su sha a daji, wannan ma mun hana ga duk wadda aka shafa wa jan fenti a ƙugu, alamar mai ciwon hantsa.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne kan gaba. Tetracycline da penicillin da ke kan tabarmar nan, da ita gentamicin, su ne dai ake rubuta wa mutane a asibiti. Shi ya sa ban yi shelar cewa gentamicin na aiki ba. In labarin ya bazu a kasuwa, layi biyu-biyu za a yi ta yi da ita har ta bi sahun sauran.

10 Maris

Azumi, aikin safe kawai muke yi. Ana yaye 'ya'yan Nuwamba. Ƙa'idar da muka bari a kowane gida: a rage wa uwa dusa kwana kaɗan kafin yaye don nono ya ja baya, a raba su gaba ɗaya ba yau a haɗa gobe a raba ba, a kwashe taki a zuba busasshiyar ƙasa, bayan mako biyu a lalubi hantsa. Taushi ko'ina, a bar ta. Ƙululu ko tauri, a shafa fenti.

7 Afrilu

Na zagaya masu fenti. Tunkiyar Inna ƙululunta yana nan, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ta yanke shawarar ta turke ta tare da raguna ta sayar wa mahauci kafin Salla, ta riƙe 'yar da ta haifa a madadinta. Ta ruga kuma mataccen gefen ya faɗi, wurin ya warke ya bar tabo, Ardo ya ware ta daga rago kamar yadda muka yi da shi.

Abin da ya canja a fili shi ne kiran da nake samu. Da sai dabba ta kwanta, yanzu mata na aiko yaro cewa gefe ɗaya ya yi zafi tun jiya, kuma a irin wannan lokacin ne allura cikakkiya da yawan tatsewa ke ceto nonon. Sikelin rataye ya zama na unguwa, yana gidan mai unguwa, mai bukata ya aika a ɗauko. Abin da bai canja ba shi ne kafso ja da yalo, na sake ganin ɓawonsa a gidaje biyu, da kuma masu turka raguna da suka fara yi musu LA wai don su yi ƙiba. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin wannan magani don ƙiba tun 2006. Salla za ta kama farkon Yuni, don haka daga makon gobe masu raguna zan bi, da kwalin nauyi da na kwanakin jira.

Zagaye na biyu na samfura sai haihuwar damina, lokacin da turke ke jiƙewa ƙuda ya yi yawa, a ga ko ƙwayoyin taki irin su E. coli za su fito. Kafin nan akwai kwalabe da auduga da za a saya, kuma ruwan gwajin faranti saura kwata.